Kumfar Bammin Tabawa

Wai wata rana Dagaci ya sa aka kawo Tabawa mai sayar da bammi, giyar kwakwar nan mai kumfa. Liman na zaune a gefensa.

"An ce kina surka shi da ruwa. Tsame ruwan daga tulun nan yanzu, ko a farfasa tulunanki kaf!"

Tabawa ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, wa ya shaida?"

"Ni! Na ainihi kumfarsa har hanci take tsikara. Naki kuwa salam yake a baki!"

"Ashe! To yaushe ka kurɓa?"

Liman ya juyo yana kallonsa.

"Ni? Ban taɓa ba!"

"Ashe babu shaida ke nan, ranka ya daɗe."

Dagaci ya gyara rawani. "Kwashe tulunanki, bamminki lafiya lau yake!"