Wata Biyu a Kan Bencin Tasha

A wani babban kamfanin inshora an yi wani ma'aikaci da ake yi wa laƙabi da Lafiya-Lau. Mutumin kirki ne, shekara goma sha bakwai yana duba motocin da suka yi hatsari, yana rubuta rahoton ɓarnar. Aibinsa ɗaya, zurfin ciki da gudun a ga kasawarsa. Ko ciwo na cin sa, in ka tambaye shi amsar ɗaya ce, daga nan ya samo sunan.

Da kamfanin ya tashi rage ma'aikata, aka haɗe sashensu da wani, aka sallami mutum arba'in har da shi. Ya dawo gida bai ce wa matarsa uffan ba. Washegari ya sa rigar da ta goge masa, ya ɗauki jaka ya fita. Ina za shi? Bencin tashar mota. Nan bawan Allah yake wuni yana laluben tallar aiki a waya, ga 'ya'ya huɗu a makaranta. Abin tausayi, wata biyu cur yana wannan wahala shi kaɗai.

Ran nan ya dawo da yamma, matarsa tana zuba masa abinci tana ba shi labari har da dariyarta. Wai makon jiya yayanta ya zo, kamfanin sufurin da yake wa aiki na neman wanda ya iya duba ɓarnar mota, shi ne ya tuna da mijin ƙanwarsa.

"Na ce haba Yaya, baban yara da ko hutu ba ya samu a inshora? Ɗazu ma ya kira, wai sun ɗauki wani."

Lafiya-Lau ya ajiye cokali. Da ƙyar ya buɗe baki ya faɗa mata cewa tun wata biyu aka sallame shi.

Ba ta yi faɗa ba. Zama ta yi a ƙasa, hawaye na zuba, ta ce, "Ashe da bakina na korar maka aiki. Me ya sa ka bar ni na yi haka?"



Rasa aiki ba abin kunya ba ne, yana iya faɗa wa kowa. Amma wanda ya ɓoye damuwarsa ga iyalinsa ya toshe hanyar da taimako zai biyo. In abu ya same ka, faɗa wa naka tun da wuri, domin ba sa iya kama maka abin da ba su sani ba.