Maɓallin da Yake Cinye Layin Ƙarshe

Akwai wani mutum mai suna Habila, yana da ɗan shagon buga takardu kusa da majami'a. A shagon akwai tsohuwar kwamfuta da ya gada daga wansa. Manhajar rubutun da ke cikinta tana da wani aibu tun zamanin wan nasa. In ka danna maɓallai biyu tare domin ka adana aikinka, sai ta fara goge layin ƙarshe, sa'an nan ta adana sauran. Abin da ta goge kuwa ba ya dawowa.

Habila ya saba da haka. Duk sa'ad da ya gama rubutu, sai ya ƙara layi guda na shirme a ƙasa, haruffa barkatai, domin ta cinye wannan ta bar na kirki. Yana kiran layin nan tuwon kwamfuta. Shekara tara yana ba ta tuwonta.

Da ya auri wata yarinya mai suna Afiniki, sai ta riƙa kawo masa abincin rana a shago. Ta ga abin da yake yi, ta yi dariya.

Ta ce, "Maigida, ashe mu biyu kake ciyarwa? Me ya hana ka gyara ta?"

Ya ce, "Amarya, haka na same ta. Yaya ma haka ya bar ta. Tsohuwa ce, in aka taɓa cikinta sai ta mutu."

A kwanakin nan wani tsohon mai bishara, Baba Irimiya, yana zuwa shagon. Idanunsa sun dushe, ƙarfinsa ya ragu. Yana da waƙoƙin yabo goma sha biyu da ya tsara da kansa, ba wanda ya taɓa rubuta su. Yakan zauna a benci ya rera, Habila yana bugawa, domin kada waƙoƙin su bi shi kabari.

Sai ya zama wata rana tsohon ya rera ta goma sha ɗaya. Daɗin muryarsa ya ɗauke hankalin Habila har ya manta da tuwon. Ya danna maɓallan, layin ƙarshe ya tafi. Habila kuwa bai riƙe shi a ka ba.

Ya ce, "Baba, a maimaita mini na ƙarshen."

Tsohon ya gwada tuno shi, ya sake gwadawa. Can ya ce, "Ɗana, ya tashi kamar tsuntsu. Saura guda, wadda na yi ranar da na binne Saratu matata. Ran Asabar zan kawo ta, Lahadi 'ya'yana za su mai da ni ƙauye. Kada ka bar wannan dabbar taka ta ci mini ita."

Habila ya kasa cin abinci. Afiniki ta zauna kusa da shi, ta ce, "Ba ni kujerar nan kwana biyu."

Ba ta yi makarantar kwamfuta ba, amma ita mai son karatu ce, ba ta wuce rubutu ba ta karanta ba. Ta buɗe wurin da aka jera maɓallai da aikin kowannensu, tana bi da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Rana ta fari ba ta ga kome ba. A rana ta biyu, wajen la'asar, ta tafa hannu.

"Maigida, zo ka gani! An ɗora wa maɓallan nan aiki biyu. Ga adanawa a sama, ga goge layi can ƙasa. Wani ya sa ya manta."

Ta cire na gogewar. Aikin bai kai a sha ruwa a ajiye moɗa ba. Suka gwada sau bakwai, ba abin da ya ɓace.

Ran Asabar Baba Irimiya ya rera waƙar Saratu har ƙarshe. Hannun Habila ya nufi buga tuwon, gama sabo ne. Afiniki ta ɗora hannunta a kan nasa a hankali. Ya danna maɓallan. Layin ƙarshe yana nan daram a kan allo.

Habila ya miƙe yana cewa, "Baba, tana nan! Duka tana nan!"

Tsohon ya ce, "To karanta mini, 'yata." Afiniki ta karanta. Ya ɗaga sandarsa sama ya kama rerawa, su ma suka amsa, har masu wucewa suka tsaya a bakin ƙofa suna tafi.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Kwamfutar ita ce zuciyar mutum. Tsohon aibun shi ne halin da muka daɗe da shi har muka daina kiransa zunubi: zafin rai, ko ƙaramar ƙarya, ko riƙo. Mukan ce haka na gada, haka gidanmu yake. Muna lallaɓa shi, mutanen gidanmu suna koyon bi ta gefensa, har ranar da zai cinye abin da ba ya dawowa. Layin waƙa ta goma sha ɗaya bai dawo ba. Amma ta goma sha biyu ta tsira, domin an sami wadda ta zauna ta bincika har tushe. Ka buɗe zuciyarka a gaban Ubangiji a makon nan. In kuwa ya aiko maka da wanda yake ƙaunarka har ya nuna maka inda aibun yake, ka tashi ka ba shi kujera.