Ruwan Nasiru na Wata Goma Sha Ɗaya

Jama'ar shafin nan, kwana biyu ke nan wani abu yana ci mini rai. Bari in faɗa muku, ko na samu sauƙi.

Akwai wani saurayi a unguwarmu nan Yelwa ta Yauri, Nasiru ɗan Inna Hansatu, yana digiri na biyu a kan tsabtar ruwan tafki. Duk wata sai ya shiga kwalekwale daga Shanga har Wara, ya ɗebo ruwa a goruna, ya liƙa musu takarda, ya jera a firij. Wata goma sha ɗaya yana wannan wahala.

Sau uku Inna tana tambayarsa, "Nasiru, wanga ruwa mai dauɗa na mi ne?"

"Inna, harkar boko ce. Ko na faɗa miki ba ganewa za ki yi ba."

Sai ta koma kan aikinta.

Ranar Asabar ya tafi tasha tarbo malaminsa, wanda zai zo ganin aikin. Inna ta duba: ga babban baƙo tafe, ga zafin Yauri, ga firij cike da ruwan kogi. Ta kwashe gorunan nan, ta tuttule su a gindin lemo, ta kankare takardun da soso, ta ɗura zoɓo mai citta.

Suna isowa Nasiru ya buɗe firij. Ja wur!

"Inna! Ina ruwana?"

"Ruwa kuma? Ai kogi bai ƙafe ba, ɗebo wani."

Ya sulale ƙasa. "Na damina fa? Na rani fa? Inna, shekara guda kika zubar!"

Ta ɗora hannu a ka tana salati. "Ai na tambaye ka, ɗan nan. Sau uku na tambaye ka."

Malam ya kalli gorunan, sannan ya ce, "Bayani ga mahaifiyarka ya gagare ka, mu za ka yi wa? Sai ka sake daga farko."

Darasi: Duk zurfin karatunka, kada ka raina wadda ta haife ka. Bayanin minti biyu da ya ceci shekara guda. Ku tura wa 'ya'yanku da ke jami'a.

Ni kuwa ga damuwata. Ummi 'yata ta jibge buhun busasshen ganye a ɗakina, ta ce na bincikenta ne, kada in tambaya. Shekaranjiya na ɗebi kaɗan na sa a miya, na zaci kuka ce. In faɗa mata, ko in yi shiru?