Igiyar Tudun Ƙirya da Rawanin Mai Gari

Dalilin da ya sa masu sayar da igiya a Tudun Ƙirya suke ɗaura farin ƙyalle a bakin kowace igiyar guga, shi zan gaya muku, yara, gwargwadon abin da ya rage mini. Shekarar ta ɓace mini. Sunan hakimin lokacin ma jiya yana bakina, yau ya tafi. Amma fuskokin mutanen ina ganinsu sarai.

A da, garin ba shi da rijiya. Sai mata su yi tafiyar rabin yini zuwa rafi. Mai gari Barmo ya gaji da gorin da ƙauyukan maƙwabta suke yi masa, ya ɗauko Jatau mai haƙar rijiya. Jatau dogo ne, irin wanda yake sunkuyawa kafin ya shiga zaure. Ya yi wata biyu yana haƙa, har ya taɓo ruwa.

A zamanin nan da jiki ake awo. Akwai taƙi, daga babban yatsa zuwa na tsakiya. Akwai kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Akwai gaba, wato ka buɗe hannuwanka biyu iyakar buɗewarsu. Mahaifiyata ma da kamu take sayen yadin sawaye, Allah ya jiƙanta, amma wannan wani zance ne.

Jatau ya auna rijiyarsa ya ce, "Ranka ya daɗe, gaba goma ce cif."

Mai gari ya aika wa Nomau mai tufka cewa a yi igiya gaba goma. Shi kuwa Nomau gajere ne, in ya hau jaki ƙafarsa ba ta wuce cikin jakin. Ya tufka igiyar rama mai kyau, ya auna gaba goma da hannunsa, ya yanke.

Da murna ta ɗebi mai gari, sai ya aika wa hakimi cewa a turo wakili ya sha ruwan rijiyar ranar Laraba. Ya ƙara da cewa in wakilin ya koma bai sha ba, a tuɓe masa rawani. Kun san mai garin da aka tuɓe wa rawani, sarautarsa ta ƙare.

Laraba ta zo. Wakilin ya iso a kan keke, wani malamin gona ne mai suna Malam Sambo. Gari ya taru, makaɗi yana kiɗa. Aka zura guga, igiya ta ƙare, aka jawo. Guga ya fito a bushe kamar yadda ya shiga.

Kiɗa ya tsaya.

Nomau ya ce, "Wannan dogon zanƙalelen ya yi mana ƙarya. Rijiyarsa ta fi goma."

Jatau ya ce, "Kai dai ka ci rabin ramar. Kawo in gani." Ya auna igiyar da hannunsa. "Takwas!"

Nomau ya fizge ta ya auna da nasa. "Goma! Jama'a ku shaida!"

Jama'a suka shaida duka biyun, don kowa ya ƙirga tare da su.

Malam Sambo ya ciro wani zare mai lambobi daga aljihu, ya ɗaura dutse ya zura. Ya ce, "Rijiya mita ashirin ce, igiya mita goma sha shida. Babu maƙaryaci a cikinku. Hannuwanku ne ba ɗaya ba."

Nomau ya ce, "Malam, shi wannan Mita ɗan gidan wa ne? A kira shi mu ga hannunsa."

"Ba mutum ba ne. Sandar ƙarfe ce aka ajiye a wani ɗaki a Turai, duk duniya da ita ake gwadawa."

Jatau ya ce, "Wanda ba shi da hannu shi zai koya mana gaba?" Ranar nan wannan ne kaɗai abin da su biyun suka yarda a kai.

Malam Sambo ya dubi rana ya ce in an yi azahar zai kama hanya, kuma abin da ya gani shi zai faɗa. Aka nemi igiyar ƙari aka rasa. Garin da bai taɓa yin rijiya ba, igiyarsa ta ɗaure awaki ce, awakin kuwa suna jeji da igiyoyinsu a wuya. Mai gari ya fara gumi.

Sai Gwaggo Tabawa, taubashiyar mai gari, ta matso. Ita kaɗai take kiran sunansa. Ta ce, "Barmo, ga igiya ka naɗe a ka kana neman igiya."

Ya ce, "Tabawa, a gaban jama'a?"

"To zaɓi. Ko ka kwance da hannunka ka mayar da shi da la'asar, ko a kwance maka a gidan hakimi."

Mai gari ya kai hannu ya fara warwarewa. Shekara ashirin ba wanda ya ga kansa. Da rawani ya sauka hula ta biyo shi, sai ga sanƙo yana ƙyalli kamar sabuwar tasa.

Tabawa ta ce, "Ashe wata muke da shi a gari muna wahalar sayen kananzir."

Aka ƙulla farin rawanin a bakin igiya, aka zura. Kowa ya kasa kunne. Sai aka ji cafal! Guga ya fito yana zuba. Malam Sambo ya sha moɗa biyu, ya yi hamdala. Mai gari ya naɗa rawaninsa a jiƙe, ya kafa doka nan take: duk wanda ya sake yanka igiyar guga, ya auna da abin da ya ga dama, amma ya ƙara tsawon rawani.

Shi ya sa har yau, in kun je kasuwar Tudun Ƙirya, mai igiya zai auna muku da sandar mita, sannan ya ƙara mita huɗu ya ce, "Ga na mai gari," ya ɗaura farin ƙyalle a baki.

Na daɗe ina zaton sandar Turai ɗin nan Malam Sambo ya ƙirƙiro ta ne don a rabu da shi. Bara wani malamin makaranta ya nuna mini hotonta a littafi. Tana nan a ƙasar Faransa. Na sa tabarau na duba da kyau, kuma Jatau ya yi gaskiya: ba ta da hannu.