Batun Tabawa a Gaban Kwamiti

An yi wani taron likitocin dabbobi, a Gusau ne ko Birnin Kebbi, abin ya shige mini. Shugaban kwamitin tantance masu jawabi, Farfesa Dangana, ya gaji da karatu, sai ya kafa doka: ba batun da za a karɓa sai wanda gaskiyarsa ta tabbata a gaban kwamiti, mai shi bai buɗe baki ba.

Tabawa, mai yi wa dabbobi allura a ƙauye, tana son ta faɗi cutar da ke ƙarar da awakinsu. Ta aika batunta, layi ɗaya: "Kwamitin nan zai ƙi ni."

Aka kira ta.

"Mun ƙi!" in ji Farfesa.

"Allah ya ƙara ilimi, ranka ya daɗe. Ga shi ya tabbata a gabanku. Yaushe zan hau?"

"To, mun karɓa!"

"Na gode."

"Tsaya! In mun karɓa, ai ƙarya kika yi."

"Sai ku ƙi ni, Farfesa."

"In mun ƙi kuma…" Ya cire hula, ya fifita kansa.

Kwamiti ya rabu biyu, shayi ya huce. Can Farfesa ya ce, "Baiwar Allah, hau mumbari ki warware wa jama'a wannan ƙulli, mu ya fi ƙarfinmu."

Tabawa ta hau, ta gyara mayafi, ta ce, "Jama'a, ƙulli ya jira. Awakinmu ne ke mutuwa."