Daminar da Tasalla Ta Yi wa Dutsen Washi

A zamanin da, can cikin wata ƙasa da sunanta ya ɓace wa masu ba da labari, an wayi gari aska ta karci kan Sarki har jini ya tsattsafo. Sarkin Aska Nomau, wanda bai cika shekara da gadon mahaifinsa ba, ya zube ƙasa.

Waziri ya sa aka miƙo masa dutsen washin askar, ya shafa shi da yatsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba hannun yaron nan ne ya yi laifi ba. Tsakiyar dutsen ce ta zurma kamar ludayi. Sai an juya shi an koma wa bayansa."

To, dutsen na gidan sarauta ne, fatake suka kawo shi daga bayan hamada. Akwatin itacen maɗacin da yake ciki kuwa kakan Nomau ne ya sassaƙa shi, ya manne dutsen a ciki da ƙaro. Sarki ya ce, "Na ba ka kwana uku. Ka raba su, kada dutse ya tsage, kada akwati ya fashe. In ka kasa, zabirar aski ta bar gidanku."

Maƙeri ya ce a gasa shi, aka ce itacen zai ƙone. Masassaƙi ya ce a sa gizago, aka ce dutsen zai dare. Wani malami ya ce a tsoma shi a rijiya, Waziri ya ce itacen zai kumbura ya ƙara matse shi. Kwana biyu suka tafi a haka.

Nomau yana da mata, Tasalla, mai yawan kunya da ƙarancin magana. Ita ce ke share akwatin kullum da safe. Ran kwana na uku da hantsi ta iske mijinta ya tasa shi gaba, kokonsa ya huce bai taɓa ba. Ta durƙusa daga gefe, kanta a sunkuye.

"Maigida, da damina ba ka cewa dutsen nan yana motsi in kana washi?"

"Yakan yi. Amma ina damina yanzu, rani tsaka?"

"Ko in yi masa tawa daminar?"

Surukarta, Inna Kande, ta ce daga bakin ɗaki, "Oh ni! Malaman fada sun gaza, sai ke da ko gaisuwarki sai an kasa kunne?" Duk da haka ita ce ta tashi ta ɗauko itace.

Tasalla ta ɗora ruwa, ta kafa madambaci a bakin tukunya, ta liƙe tsakaninsu da tsumma yadda ake yi in za a turara dambu. Ta nannaɗe akwatin da tsohon zane, ta bar fuskar dutsen kawai, ta sa shi ciki ta rufe. Wuta 'yar kaɗan.

Tururi ya riƙa tashi a hankali, yana ratsa hasken rana, yana ɗauke da ƙamshin daji bayan ruwan farko. Ta zauna tana kallonsa, har ta ga kamar wani tsoho ne tsugune a cikinsa yana dama ƙaro da yatsa, bayansa kuma raƙuma na wucewa ba a jin sawunsu. In zanen ya jiƙe sai ta sauya wani. Sau uku tana saukewa tana taɓawa, sau uku tana mayarwa.

A na huɗu dutsen ya ɗan gusa ƙarƙashin yatsanta. Ta tsinko zare daga mazarinta, ta riɓanya shi, ta zura ta kusurwa, ta yi ta ja da baya da gaba. Ƙaron ya saki yana yauƙi kamar zuma. Dutsen ya kwanto a tafinta da ɗuminsa, bayansa sumul, aska ba ta taɓa hawa kansa ba.

Nomau ya kwashi kaya ya yi fada. Tasalla ta wanke madambaci, ta share murhu, ta sake share shi, kunnenta na ƙofa. La'asar ta yi, inuwar katanga ta rufe tsakar gida, shiru.

Can sai ga sallamar Nomau. Ta duba kafaɗarsa kafin ta dubi fuskarsa. Zabirar na nan a rataye.

Ya ce, "Waziri ya tambayi ko wane ne mai dabarar, na kuwa faɗi sunanki gaban kowa. Sarki ya ce dutsen ya zauna a gidan nan, a hannun wadda ta san halinsa."

Tasalla ta ja gefen zanenta ta rufe fuska. Ta cikin zanen ta ce, "Askin fa? Bai ji zafi ba?"

"Zafi? Ko rabin kai ban kai ba barci ya kwashe shi. Da raɗa aka tashi fada yau."