Sarki Tunau da Ɗan Saura

Ga ta nan, ga ta nanku, ta sha tafiya ta iso.

Ta zo mu ji ta, a shimfiɗa mata tabarma.

An yi wani sarki a garin Tudun Marke, sunansa Tunau. Ba azzalumi ba ne tun farko, sai dai ba ya son saura. In an raba goro aka bar ɓari, ransa ya ɓaci. In an auna hatsi ya zarce bakin mudu, ransa ya ɓaci.

Wata shekara ya sa aka haƙa rijiya a tsakiyar gari. Ranar buɗe ta, maroƙinsa Na-Allah ya ɗauki kalangu ya yi waƙa:

Tunau mai daidai, Tunau mai cif,
Rijiyarka faɗi uku ne kewayenta,
Cif-cif, babu saura.

Na-Allah bai auna komai ba. Ukun ce ta hau kiɗa, shi ya sa ya faɗe ta. Amma waƙa ta shiga kan sarki ta zauna. Ya ce a zo a auna a gaban jama'a, kowa ya gani da idonsa.

Aka kira maƙeri. Ya gitta igiya a bakin rijiya, ya yanke daidai faɗinta. Ya bi kewaye da ita. Ɗaya. Biyu. Uku. Sai ga ɗan wuri ya rage, igiya ba ta kai ba. Sarki ya ce hannun maƙeri ne ke rawa, a kore shi daga gari.

Aka kira masaƙi. Ya zo da zare, ya auna. Uku da ɗan saura. Ya raba zarensa bakwai, ya ɗora kashi guda a kan sauran, sai ya zarce da kamar silin gashi. Sarki ya ce idon masaƙi ne ya mutu, a kore shi daga gari.

Aka kira malamin lissafi. Ya kwana bakwai yana raba faɗin rijiya, yana gwada shi da sauran. Ya raba goma, saura na nan. Ya raba ɗari, saura na nan. Ya raba dubu, saura ya ƙanƙance amma bai tafi ba. Ya faɗi gaban sarki ya ce wannan abu ba shi da ƙarshe. Shi ma aka kore shi.

Da Na-Allah ya ga mutum uku sun bar gidajensu saboda bakinsa, sai ya zo gaban sarki. Ya durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe, waƙa ce fa. Kiɗa ne ya so uku.”

Sarki ya ce, “Waƙar ta bar bakinka, yanzu tawa ce. Ni kake ƙaryatawa?”

Na-Allah ya rataya kalangunsa ya fice.

Sai sarki ya yi doka. Duk abin da yake zagayayye a garin nan a auna shi. In ya wuce uku, maƙaryaci ne, a fasa shi.

Ku saurara fa. Dogarai suka shiga gida-gida da igiya da kulki. Suka auna tukwane, uku da ɗan saura, suka fasa. Tulu, randa, ƙwarya, kasko, ko ɗaya bai tsira ba. Mata suka tsaya riƙe da haɓa, suna kallon garin da babu abin dafa tuwo.

Suka auna rumbuna, uku da ɗan saura, suka rushe. Gero ya zube a ƙasa, hadari ya zo ya dake shi, ya tsiro a tsakar gida. Tsofaffi suka ce tun da aka haife su ba su ga mai gari ya zubar da abincin garinsa da hannunsa ba.

Sai aka juyo kan rijiya kanta. Sarki ya ce ita ta fara ƙaryar, a cike ta da ƙasa. Aka soma zubawa.

To, akwai wata yarinya, Tasalla, 'yar mai ginin tukwane. Uwarta ta kwanta ciwo tun ranar da aka fasa mata aikin shekara guda. Tasalla ta je bakin rijiya da hantsi ko za ta sami abin jiƙa mata maƙogwaro, sai ta tarar da wani tsohon kwaɗo zaune a kan tarin ƙasa, yana huci. Ya tambaye ta laifin da gidansa ya yi. Ta gaya masa duka.

Kwaɗo ya ce kakan kakansa ya fara bin wannan saura a wani tafki, ya bar wa ɗansa, ɗansa ya bar wa nasa, har yau ba a kamo wutsiyarsa ba. Ya ce duk abin da Allah ya zagaye, da sauransa ya zagaye shi. Sannan ya ce, “Ke 'yar nan, a fada babu zagayayyen abu ne?”

Tasalla ta tsinci guntun igiya ta nufi fada. Ta faɗi ta yi gaisuwa, ta ce ta zo taya sarki kama maƙaryata, don akwai guda uku da suka ɓuya kusa da shi. Sarki ya ji daɗi, ya ce ta nuna.

Ta nuna tambarin sarauta. Aka auna, uku da ɗan saura. Fadawa suka dubi juna, don tambarin nan ya ga sarki goma sha biyu. Sarki ya ce doka doka ce. Aka fasa.

Ta nuna akushin da uwarsa ta bar masa. Aka auna, uku da ɗan saura. Idonsa ya kawo ruwa, amma ya ce doka doka ce. Aka fasa.

Ya ce ina na ukun.

Tasalla ta ce, “Ranka ya daɗe, yana ƙarƙashin rawaninka.”

Sarki ya tuɓe rawani da kansa, ya ce a auna, kansa ba ya ƙarya. Aka tsayar da kara biyu, ɗaya ta nan, ɗaya ta nan, aka ɗauki faɗi. Aka linka igiya uku aka zagaya. Baki bai haɗu da baki ba. Dogarin da ke riƙe da kulki ya ja da baya.

Kuna tsammani ya saduda? Ina. Sai ya ce a ja igiyar har ta haɗu.

Aka ja, jijiyar goshinsa ta miƙe. Ya ce a ja. Aka ja, idanunsa suka firfito kamar na ƙadangare. Ya ce a ja. Aka ja na uku, jini ya tsattsafo daga hancinsa, ya zube a sume. Igiya kuwa ba ta haɗu ba.

Da ya farfaɗo, ruwa ya nema. Aka duba fada kaf, babu randa, babu moɗa. Tasalla ta ruga rijiya, ta tona gefen da kwaɗo ya nuna mata, ta ɗebo da tafin hannu. Kafin ta iso, duk ya tsiyaye, sai ɗan abin da ya rage a tsakiya. Shi ta ɗiga masa a baki.

Sannan sarki ya ce a janye doka, a yashe rijiya, a bi mutanen nan uku a dawo da su. Biyu aka samu. Maƙeri ya riga ya ƙetare kogi, ya ce ba shi ba Tudun Marke har abada. Garin ya sha yunwa a shekarar nan, sarki ya sha tare da su. Uwar Tasalla ta tashi ta koma kan yumɓu, tukunya ta farko da ta gasa fada aka kai ta.

Ku ji, yara. Magana ta yi daɗi a kunne ba shi ne ta zama gaskiya ba. Wanda kuma ya ƙi yarda ya yi kuskure, gidansa zai fara fasawa, ya ƙare da kansa.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Na naɗe tabarmarta, ta koma inda ta fito.